Kabarin da Labo Ya Nuna

Ranar Talata da hantsi aka aiko kiran Labo ƙofar maigari. Tun kafin ya isa ya san ba lafiya ba, don ya hango farar mota mai tuta tsaye ƙarƙashin gawo. Shekara talatin da ɗoriya yana haƙa kabari a Garin Sajo, can cikin karkarar Gangara, kuma a iya saninsa mota mai tuta ba ta neman mai haƙa kabari don kawai a tambaye shi ya gajiya.

Ya tuɓe takalmansa nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Maigari Amadu na kan kujerarsa, baƙi biyu na gefensa. Ɗaya Labo ya san shi sarai: Alhaji Tahiru ne, ɗan marigayi minista Hambali, wanda duk shekara yake zuwa daga Yamai ziyarar kabarin mahaifinsa. Ɗayan kuwa wani siririn mutum ne mai tabarau da jakar takardu, wanda ke duba agogonsa kamar wani ya ce za a sace shi.

"Labo," in ji maigari, "wanga shi ne mushe Chindo, daga buro, ofishin gwamnati, aka aiko shi. Alheri ne ya same mu."

Mushe Chindo, wato malam Chindo a bakin masu Faransanci, ya buɗe jaka ya fara bayani. An gina wani wuri a Yamai, in ji shi, makwancin manyan ƙasa, inda za a tattara waɗanda suka yi wa ƙasa hidima suka rasu. Akwai furanni, akwai masu gadi, kowa da sunansa a kan farin dutse, kuma ƴan lakol, yaran makarantar boko, za su riƙa zuwa suna ganin tarihi. Sunan minista Hambali na cikin jerin farko. Ranar Alhamis za a zo da akwati da jandarma, a tone shi a tafi da shi.

"Kai ka rufe shi, Baba Labo," in ji Alhaji Tahiru a hankali, "kai nake so ka buɗe shi. Ba ni son hannun da bai san shi ba ya taɓa shi."

Labo ya ce to. Ai ba a ce wa manya a'a a ƙofar maigari. Amma da ya miƙe, ya yi taku kusan ashirin kafin ya lura ya baro takalmansa.

Dalili kuwa shi ne, minista Hambali ba ya cikin kabarin nan. Wanda ke kwance a ciki matar Labo ce, Husaina.

Ga yadda abin ya faru. Shekara goma sha huɗu da suka wuce aka rufe minista a gefen gabas na maƙabarta, cikin taron da garin bai taɓa ganin irinsa ba, mutane na taka juna. Mutanen nan ba su rubuta suna a kan kabari. Tudun ƙasa ne kawai, damina biyu ta daidaita shi da sauran, daga nan sai Allah sai mai haƙa ke sanin wa ke ina. Bayan shekara biyu Husaina ta rasu. Labo ya zama kamar ba shi ba, ko abinci sai ƴarsa ta tsaya a kansa. A daminar da ta biyo baya, aikinsa ne ya tare bakin kwazazzabon da ke cin gefen maƙabarta da ƙaya da buhunan rairayi, kamar yadda ya saba kowace shekara. Bai yi ba. Kullum gobe, kullum gobe, har aka yi wani ruwa na kwana da wuni. Da ya je dubawa, gefen gabas babu shi. Kabari shida ruwa ya ɗauke, har da na minista. Kwana biyu ya bi kwazazzabon har fadama yana tona rairayi da hannu, bai samu kome ba sai ɓallin siminti guda. Ya dawo ya ce wa maigari kaburburan mutanen da ne, waɗanda ba su da kowa.

Da rani sai ga mutanen jam'iyya da mota cike da siminti, sun zo kewaye kabarin gwarzonsu. Suka ce Labo ya nuna masu. Ya tsaya yana kallon bakin kwazazzabo, ga shi taku goma kacal tsakaninsa da inda Husaina take. Damina ɗaya ta rage mata, ko biyu. Tsoro ne ya ɗaga hannunsa, ko son matarsa ne, shi kansa bai taɓa iya rabe su ba. Ya dai nuna, ya ce, "Ga shi nan."

Aka yi mata katanga mai tushe har ƙugu, aka shafe saman da siminti, aka kafa allon ƙarfe da sunan minista, aka dasa bedi don inuwa, aka kuma jibge duwatsu a bakin kwazazzabo har ya sauya hanya. Husaina mai ginin tukwane, wadda a rayuwarta ba ta taɓa kwana a ɗakin siminti ba, ta samu abin da ko maigari bai samu ba. Shekara goma sha ɗaya manyan mutane na zuwa da manyan riguna suna yi mata addu'a. Wani lokaci abin har dariya yake ba Labo, dariyar da ke ƙarewa da istigfari. Shi kuma duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya je bakin kwazazzabo ya tsaya shi kaɗai yana karanta ƙulhuwallahu. Mutanen gari suka ce tsufa ne, Labo ya fara yi wa rami addu'a. Ya bar su a haka.

Yanzu ga shi za a tone ta.

Ranar Laraba ya tafi wurin liman, yana fatan a samu wani littafi da zai hana. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga maganar gero zuwa ciwon gwiwa, sannan ya ce, "Allah gafarta malam, ni dai ina tambaya ne. Tone mamaci bayan ya kwanta, addini ya yarda kuwa?"

Liman ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma abin bai kwanta mini ba, Labo. Amma iyalinsa sun yarda, kuma an ce malaman birni sun duba sun ba da izini. Mu mi ne namu? Kai dai ka yi aikinka da ladabi."

Ya yi sallama ya fito. A hanya ya yi tunanin ya kwanta ya ce zazzaɓi ya kama shi. Sai ya tuna in bai haƙa ba samarin gari za a sa, su da ba su san inda ake sassauta hannu ba, su rotsa ta da ƙarfe. Ya yi tunanin ya hau amalanke ya nufi kudu ya ƙetare iyaka. To, ya gudu ya bar ta wa wa? Ya yi tunanin ya faɗi gaskiya, nan take ya ga kansa a bayan motar jandarma, hannu ɗaure, yara na bin motar da gudu, jikokinsa a cikinsu. Ya yaudari hukuma, ya yaudari maigari, ya bar minista guda ruwa ya tafi da shi. Ko mi ake yi wa mai irin wannan laifi, Labo bai sani ba, kuma rashin sanin ya fi kome razana shi.

Da azahar ƴarsa Ummuhani ta kawo masa fura daga gidan mijinta. Ta tarar da shi zaune yana wasa bakin dagi a kan dutse, yana ta wasawa alhali ya riga ya yi kaifi.

"Baba, gari duk ya ɗauka kai za ka fito cikin telebijin gobe," in ji ta tana dariya. "Da Inna na raye da ta ce ka wanke rigar nan."

Bai ɗago ba.

"Ka tuna ranar da muka sa ta mota zuwa kasuwar Gazawa? Ta riƙe ƙarfe tana salati, da muka isa ta rantse ita da mota har abada. Da ƙafa ta dawo, da tukwanenta a ka."

"Na tuna," in ji Labo.

Mata ba su zuwa maƙabarta, don haka Ummuhani ba ta taɓa sanin inda uwarta take ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Ya buɗe baki zai faɗa mata, sai ya ga tana gyara ɗankwali daidai yadda Husaina ke yi, ya fasa. Matar da ta kasa jure tafiyar Gazawa, ita ce za a ɗora wa mota har Yamai, a kwantar da ita tsakiyar maza baƙi, ƙarƙashin sunan wani, inda ko kuɗin motar zuwa gaishe ta ba shi da shi. Furar nan ko ɗanɗana ta bai yi ba.

Alhamis da safe motoci huɗu suka iso. Jandarma shida suka jeru bakin maƙabarta da bindigogi a kafaɗa, suka tsayar da jama'a nesa. Aka sauko da akwati mai ƙyalli, an lulluɓe shi da tutar ƙasa. Aka kewaye katangar da farin ƙyalle don sutura. Waɗanda suka shiga ciki ba su da yawa: maigari, liman, Alhaji Tahiru, mushe Chindo, babban jandarma, sai Labo da dagi da hauya da kwanon kwasar ƙasa.

Magina biyu suka fasa simintin sama suka fita. Liman ya yi addu'a. Labo ya ce bismilla.

Ya fara haƙa. Mutumin da ke gama kabari kafin a gama wankan gawa, yau sai ka ce da cokali yake aiki. Ya ɗebi kwano guda, ya tsaya ya share gumi. Ya ɗebi wani, ya tsaya ya cire saiwar bedi ɗaya bayan ɗaya. Mushe Chindo ya duba agogo.

"Tsoho, hanya na da nisa fa."

"Ku bar shi," in ji Alhaji Tahiru. "Girmamawa ce yake yi."

Wannan kalma ta fi zagi yi wa Labo ciwo. Ya ci gaba da haƙa. Yana jin takun jandarma a bayan ƙyalle, yana jin ƙarar ƙarfen bindiga duk lokacin da wani ya gyara tsayuwa. Ramin ya kai masa gwiwa. Ya san saura kaɗan, don hannunsa ne ya yi shi.

Kabari a wurinsu hawa biyu ne. Akwai babban rami, sannan a tsakiyarsa akwai siririn rami inda ake kwantar da mamaci, a rufe bakinsa kafin a tura ƙasa. Talaka da itace ake rufe masa ko da fasassun tukwane. Minista kuwa falalen siminti aka kawo masa tun daga Maraɗi. Husaina ta rasu lokacin da itace ya yi wuya, sai Labo ya ɗauko randunanta uku da ta gina ba ta kai ga sayarwa ba, ya raba kowace biyu, ya kife mata.

Dagi ya sauka, ya ce ƙwal.

Ba ƙarar siminti ba ce. Ko yaron goye a garin ya san ƙarar tukunya. Labo ya saki dagin, ya durƙusa ya share ƙasar da tafin hannu. Ga bayan randa ja, ga bakinta, ga shaidar babban yatsa guda uku a jere, alamar da Husaina ke sa wa duk abin da ta gina.

Alhaji Tahiru ya matso bakin ramin ya leƙa. Ya daɗe yana kallo.

"Baba Labo, wannan mi ne ne?"

Labo ya sa yatsansa a gurbin shaidar.

"Ni na ɗauki falalen siminti na ƙarshe da hannuna ranar da aka rufe shi. Har ya yanke ni a nan." Alhaji Tahiru ya nuna tafin hannunsa. "Ina tukunya ta fito?"

Labo ya so ya ce ƙasa ce ta motsa, ko ya ce mantuwa ce. Amma yatsansa na cikin gurbin yatsanta, kuma ƙaryar ta ƙi zuwa.

"Alhaji, ba mahaifinka ba ne." Labo ya ɗago kai. "Matata ce. Husaina ce. Mahaifinka ruwa ya tahi da shi shekara goma sha ɗaya, laifina ne, ban tare kwazazzabo ba. Da aka zo da siminti na ji tsoro na nuna nan. Ku yi mini abin da za ku yi, amma don Allah ku bar ta."

Maigari ya dafe kai yana salati. Liman ya sunkuyar da kai ƙasa. Babban jandarma ya taka gaba taku ɗaya, Labo ya runtse ido yana jiran hannu a wuyan rigarsa.

Mushe Chindo ne ya fara magana, kuma da murya ƙasa-ƙasa ya yi ta. "Ku saurara. Mu shida ne nan, babu wanda ya ji a waje. An riga an sassaƙa suna a kan dutse, an gayyaci baƙi, gobe da ƙarfe goma za a yi biki. Ba zan koma da akwati wayam ba." Ya gyara tabarau. "Shekara goma sha ɗaya nan ake ziyara. A wurin hukuma nan ne kabarin. A ci gaba da aiki. Ƙashi ai ƙashi ne."

Labo ya buɗe ido. Duk tsoron da ya sha tun Talata ashe somin-taɓi ne. Ya ɗauka in ya ba da kansa ya fanshe ta, ashe ko kansa ba a buƙata. Bai san lokacin da ya juya ya kwanta rub da ciki a kan tukwanen ba, ya baje hannuwa ya rufe su, tsoho ɗan shekara saba'in da ƙasa a gemu.

"Sai dai ku haɗa da ni," in ji shi cikin ƙasa. "Wallahi sai dai ku haɗa da ni."

"A fito da shi," in ji mushe Chindo.

Jandarman ya dubi Alhaji Tahiru, bai motsa ba. Shi kuma Alhaji Tahiru bai kalli kowa ba sai allon ƙarfen da ke ɗauke da sunan mahaifinsa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji shi. "Nan nake zuwa in gaya masa an yi mini haihuwa. Nan na zo na yi kuka da uwata ta rasu." Ya juya ga mushe Chindo. "Mushe, ba za a tone matar mutane a gabana ba, kuma ba za a kwantar da ita da sunan ubana ba. Ku je ku ce iyali sun fasa. Ni zan sa hannu."

"Alhaji, ka san abin da wannan zai jawo?"

"Na ce ni zan sa hannu."

Ya sa magina suka cire allon ƙarfen, aka kai mota. Maigari ya tambaya a ɗarare ko a rushe katangar. Ya ce a bar ta, siminti bai yi laifi ba. Sannan ya dubi Labo da ke zaune cikin rami yana kuka kamar yaro.

"Kada ka ɗauka na yafe, Baba Labo. Ban ce na yafe ba."

Ya fita. Labo ya ji motoci uku sun tashi, ya ji hayaniyar jama'a na bin su da tambaya. Ya san kafin la'asar labari ya kai Gangara, kuma ya san daga yau babu mai sake ba shi amanar gawa. Ya mayar da ƙasar shi kaɗai, da hannu, a hankali, ya daidaita tudun, ya ɗauki butar liman ya yayyafa ruwa kamar yadda ake yi wa sabon kabari. Ya rage rabi a butar.

Da ya fito daga cikin ƙyallen sai ya ga farar motar na nan. Alhaji Tahiru na tsaye can gefen gabas, bakin kwazazzabo, daidai inda Labo ke tsayawa duk Juma'a har ƙafarsa ta yi gurbi a wurin. Labo ya so ya zame ta bayan gari. Ƙafafunsa suka kai shi can.

Alhaji Tahiru bai juyo ba. "Maigari ya ce nan kake zuwa kana yi wa rami addu'a."

"Nan ne, Alhaji."

"Nuna mini. Wannan karon ka nuna mini daidai."

Labo ya auna da ido daga kututturen aduwa, ya matsa taku biyu hagu, har yatsun ƙafarsa suka leƙa bakin ramin. A gabansu babu kome sai sarari, da rairayi can ƙasa, zurfin mutum biyu. Ya miƙa hannu, ya nuna iska.

"Nan kansa yake," in ji shi. Ya ja hannun zuwa arewa. "Nan ƙafafunsa."

Alhaji Tahiru ya karɓi butar daga hannunsa, ya tsiyaye sauran ruwan a wurin da aka nuna masa, daga kai zuwa ƙafa. Suna tsaye suna ji har ya sauka ƙasa.